Doki mai fiffike a Birnin Shehu

Duk yaron da ya fara zane a Sakkwato da kwaikwayo yake farawa. Yana kwafar hoton da ke bangon littafin karatu, ko zakin da masu fenti suka zana a bayan babbar mota, ko 'yan katun da yake gani a wayar yayansa. Da biro yake yi a ƙarshen littafin lissafi, ko da gawayi a jikin katanga, kuma a wannan mataki ba a cika damuwa da shi ba. Magana tana tashi ne ranar da hannunsa ya faɗa, ya daina kwafa ya soma zana abin da babu shi a duniya: Ƙofar Rini tana shawagi bisa gajimare, gulbin Rima ya bi ta tsakiyar taurari, raƙumi yana takawa a kan ruwa, doki ya tsiro fiffike. A nan ne wani babba a gidan zai tsai da shi ya ce ya ji tsoron Allah, masu yin hoto suna cikin waɗanda za a tsananta wa azaba gobe kiyama, kuma za a ce su busa rai ga abin da suka zana. Sai yaro ya ajiye fensir, ko kuma ya ci gaba a ɓoye yana jin kansa mai laifi. Duka biyun asara ce, kuma ilimin da wannan gari ya gada ya isa ya ba shi amsar da ta fi wannan. A ganina zana abin da zuciya ta ƙaga ba ja-in-ja ba ne da Mahalicci. Yana da iyakoki na gaskiya waɗanda ba a wasa da su, amma filin da ke cikin iyakokin yana da faɗi ƙwarai, kuma haƙƙin yaron ne a nuna masa iyaka a kuma bar masa filin.

Wanda zai kare wannan ra'ayi dole ya fara da yarda cewa babban nan bai ƙagi maganarsa ba. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan hoto ingantattu ne, suna cikin Buhari da Muslim. Akwai wanda ya yi maganar tsananin azabar masu yin siffofi, akwai wanda ya nuna mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da hoto, akwai labarin labulen Nana A'isha mai siffofi wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi, har aka yanka shi aka yi matasan kai da shi. Akwai kuma hadisin ƙudusi da ya ƙalubalanci mai neman yin halitta irin ta Allah da ya halicci ƙwayar hatsi guda. Duk Musulmin da ya yi kamar bai san waɗannan ba don ya ji daɗin riƙe buroshi, ya yaudari kansa. Tambayar da malamai suka yi ƙarnuka suna dubawa ita ce me aka hana, kuma don me. Dalilai biyu ne suka fi fitowa. Na farko tsoron kada siffa ta zama abin girmamawa har ta kai ga bauta, kamar yadda Ibn Abbas ya bayyana cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu da aka ambata a Alƙur'ani, wato Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru, asalinsu sunayen salihan bayi ne da aka kafa musu alamu don tunawa, da zamani ya ja sai aka bauta musu. Na biyu kuwa girman kan mai ganin hannunsa ya yi abin da Allah ke yi.

Dalilin farko ya kamata Basakkwace ya fi kowa gane shi, domin a kansa aka yi wa'azin da ya haifi garin. Abin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta faɗa da shi a Gobir da Zamfara da Kabi, kamar yadda yake a littattafansa irin su Nurul Albab, shi ne mutanen da ke cewa su Musulmi ne amma suna yanka ga itatuwa da duwatsu, suna neman biyan buƙata a wurinsu. Itacen kuka ba hoto ba ne, dutse ma ba wanda ya zana shi. Shirka ta samu mazauni a cikinsu ba tare da fenti ko alƙalami ba, saboda cutar a zuciyar mai yankan take. Haka kuma ba wanda ya ce a sare dukan itatuwan ƙasar Hausa don an taɓa yanka a gindin wasu. An gyara aƙida ne, itace ya koma itace. Takardar da ɗan makarantar sakandare a Mabera ya zana wa doki, wadda gobe za a naɗe ƙosai a ciki, tana nesa ƙwarai da wannan haɗari. Hoton da ya fi kusa da haɗarin shi ne wanda ake ratayewa a ɗaki ana shafawa don neman albarka, kuma abin lura, wannan irin ba a cika yi masa faɗan da ake yi wa littafin zanen yaro ba.

Fiƙihun da ake karantarwa a zaurukan Sakkwato tun kafuwar garin a 1809 bai dunƙule hoto wuri guda ya jefar ba. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda kusan duk ɗalibin ilimi a nan ya ratsa, ta karhanta siffofi a jikin gado da bango da zobe, ta fitar da zanen jikin tufafi daga wannan hukunci, ko da yake ta fifita barinsa. Masu sharhin Muhtasar na Halil, musamman Shaihu Dardir wanda ya rasu a 1786, sun rarrabe abin filla-filla a babin walima. Abin da suka haramta shi ne mutum-mutumin abu mai rai, mai jiki da inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango, marar inuwa, sun ajiye shi a makaruhi idan ana darajanta shi, idan kuwa a wurin da ake takawa ko zama yake, barinsa ne kawai ya fi. Siffar abin da ba shi da rai, kamar itace ko jirgin ruwa, ba su ga laifinta ba. Gaskiya ne akwai manyan malamai da suka tsananta fiye da haka. Imam Nawawi, Bashafi'e, a sharhinsa na Muslim ya haramta siffar mai rai ko da inuwa ko babu, kuma malamai da yawa na wannan zamani, har a cikin Sakkwato, a kan wannan suke. Ra'ayinsu yana da hujja, kuma wanda ya bi shi don tsantseni ya yi abin yabo. Amma mas'ala ce ta saɓani, kuma Shehu da kansa, a rubuce-rubucensa na bayan jihadi irin su Najmul Ikhwan, ya dage cewa ba a tsananta wa jama'a a kan abin da malamai suka yi saɓani a kai. Shi da ƙanensa Abdullahin Gwandu sun bambanta a kan al'amura kamar kiɗan ganga da tufafin sarauta, ba tare da ɗaya ya fitar da ɗaya daga addini ba. Saboda haka wanda ya ce wa yaro kai tsaye zanenka wuta ne, ya ɗauki ɗaya daga cikin maganganu biyu ya ɓoye ɗayar, kuma wadda ya ɓoye ita ce ta mazhabar garin.

Ko da an bi magana mafi tsanani, ƙofa ba ta rufe ba, kuma wannan ne abin da aka fi mantawa. Mutumin da ya zo wa Ibn Abbas ya ce da yin hotuna yake ci, bayan an karanta masa gargaɗin har jikinsa ya ɗauki rawa, ba a sallame shi hannu wofi ba. An ce masa in dai dole ne ya yi, to ya zana itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Musulmin farko sun shiga ta wannan ƙofa har ciki. A babban masallacin Dimashƙa, wanda Halifa Walid ɗan Abdulmalik ya gina a farkon ƙarni na 8, bangon farfajiya yana ɗauke da wani gari da aka ƙera da ƙananan gilasai masu launi: kogi yana gudana, dogayen itatuwa, gidaje bisa gidaje, rumfuna da fadoji a kan fili mai ruwan zinariya, babu mutum ko dabba ko ɗaya. Masana suna muhawara ko Dimashƙa ake nufi da kogin Barada ko kuwa ishara ce ga Aljanna. Kowanne ne, zanen zuci ne, a cikin masallaci, kafin Hijira ta cika shekara ɗari. A nan gida ma hannun Bahaushe bai taɓa zama haka nan ba. Zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani da ja da rawaya da kore, da zanen Raula da mumbarin Madina da masu kwafar Dala'ilul Hairati ke yi da hannu ba tare da sun taɓa ganin wurin ba, da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da dagi a goshin soro, da adon da dukawa ke fitarwa a kan jar fatar akuyar Sakkwato da aka rina da karan dafi, duk aikin ido ne da tunani. Yaron da ke son zana garin da babu shi, ko sararin sama mai wata uku, ko fadamar da ta yi furen zinariya, ba shi da ko saɓanin da zai tsallake.

Dalili na biyu, wato yin gasa da Mahalicci, shi ne ya fi shafar zanen zuci, domin mai tsoro zai ce wanda ya kwafi doki ya kwaikwayi halitta ne kawai, amma wanda ya ƙaga doki mai fiffike ya ƙara wa halitta abin da Allah bai sa ba. A nan ana buƙatar a duba yadda tunanin ɗan Adam yake aiki. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bayyana cewa a cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ƙarfi da aikinsa haɗawa da rabawa: yana ɗauko siffofin da ido da kunne suka tara, ya manna wannan da wancan, ya cire wa wancan wani sashe. Imam Gazali ya karɓi wannan bayani ya yi aiki da shi. Abin da ke cikinsa mai sauƙin gwadawa ne ga kowa. A ce wa mutum ya ƙaga launin da bai taɓa gani ba, zai kasa. A ce ya zana dodo, sai ya kawo haƙoran kura, da ƙahon sa, da fatar kada, da idon mujiya. Doki na Allah ne, fiffike na Allah ne, ƙwaƙwalwar da ta haɗa su ta Allah ce, hasken da ido ke gani da shi ma haka. Halitta ta gaskiya ita ce samar da abu daga babu, kuma mai zane bai taɓa samar da ko ɗigo daga babu ba. Gazali, a littafinsa kan sunayen Allah kyawawa, da ya zo kan sunan Al-Musawwir, ya nuna rabon bawa daga wannan suna shi ne ya samu surar halitta a cikin ransa ta hanyar sani, har ya zama kamar yana kallon tsarinta. Ta wannan fuska, mai haɗa siffofi a takarda yana aiki ne da wata baiwa da aka ba shi, a cikin kayan da aka ba shi, kamar mai girkin da ya fito da sabuwar miya daga ganyen da bai shuka ba.

Wanda ya lura da yadda mai koyo ke ci gaba zai ga hujjar a aikace. Yaron da ya fara zana doki mai fiffike daga kansa kawai, abin da zai fito masa ba doki ba ne, wani abu ne mai ƙafafu kamar na tebur. Zai gane, da takaici, cewa bai san doki ba, duk da ya tashi yana ganinsa. Sai ya koma kallo. Ranar hawan Salla a ƙofar fadar Sarkin Musulmi, yayin da sauran jama'a ke kallon rawuna da alkyabbu, shi yana kallon inda gwiwar baya take lanƙwasa, da yadda wuya ke kumbura idan an ja linzami. Zai tsaya a kasuwar Kara yana duba yadda raƙumi ke durƙusawa daki-daki, gaba kafin baya. Fiffike kuma zai tura shi ga shamuwa idan ta sauko da farkon damina, da shirwa mai shawagi a kan mahauta, ya gano cewa gashin fiffike ba a jere yake kamar tsintsiya ba, hawa-hawa ne, dogaye a baki, gajeru a kafaɗa. Idan garin sama yake son zanawa, dole ya koyi yadda hazon hunturu ke cinye launin abin da ke nesa, har hasumiyar masallacin Shehu ta koma toka-toka, da yadda jar ƙasar gari take komawa ruwan hoda da la'asar sakaliya, da yadda koren albasa da shinkafa a fadamar Kwalkwalawa ya bambanta da koren dogonyaro. Duk wanda ya fi nisa a zanen abin da babu shi, shi ne ya fi daɗewa yana kallon abin da ke akwai. Alƙur'ani a Suratul Gashiya ya kira mutane su dubi raƙumi yadda aka halicce shi, su dubi sama da duwatsu da ƙasa. Yawancinmu muna karanta ayoyin mu wuce raƙumin a hanya ba mu ɗaga kai ba. Wannan yaro yana cikin 'yan ƙalilan da ke tsayawa su duba da gaske, ko da niyyarsa ta farko ba ibada ba ce, kuma malami mai hikima zai iya juya masa wannan kallo ya zama tafakkuri da kalma guda.

Akwai ma hadisi a Sunan Abi Dawud da ya taɓa ainihin wannan siffa. Manzon Allah ya dawo daga tafiya, iska ta ɗaga labule, ya ga 'yan tsanar Nana A'isha, a cikinsu akwai doki mai fukafukai na ƙyalle. Ya tambaye ta a kansa, ta kafa masa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, shi kuwa ya yi dariya. Malamai da yawa sun ɗauki wannan a matsayin rangwame na musamman ga kayan wasan yara mata, wasu kuma sun ce kafin hani ne, kuma ban kawo shi don in ce ya halatta kowane hoto ba. Abin da yake nunawa a fili ƙarami ne amma ya wadatar: haɗa doki da fiffike, wato ƙaga siffar da ido bai gani ba, bai jawo tsawa ba a gidan da aka fi kowane gida tsoron Allah.

Wani ƙorafin kuma shi ne zanen zuci ƙarya ce, kuma Musulmi ba ya ƙarya ko da wasa. Ƙarya kuwa ita ce ka faɗi abin da ba haka ba da nufin a gaskata ka. Kakar da ta ce ga ta nan ga ta nanku ta riga ta ƙulla yarjejeniya da jikokinta cewa Gizo da Ƙoƙi ba maƙwabtansu ba ne, kuma ba wanda ya fita neman gidansu da safe. Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja a farkon shekarun 1930, malami ne ɗan malamai, kuma ba a ce ya yi wa al'umma ƙarya ba. Muƙamar Hariri da ake karantawa a zaure don ƙwarewa a Larabci, labaran wani mayaudari ne da marubucin ya ƙaga, har wani mai zane a Bagadaza, Yahya al-Wasiɗi, ya yi mata hotuna a 1237, kwafin yana ajiye a Faransa har yau. Waƙoƙin wa'azi na Shehu da 'yarsa Nana Asma'u, waɗanda matan da ake kira 'yan taru suka yi ta kaiwa ƙauyuka, ƙarfinsu yana ga yadda suke sa mai sauraro ya ga tsayuwar kiyama da siraɗi da lambunan Aljanna da idon zuciyarsa. Masu jihadi sun san cewa mutum ba ya motsawa sai an ba shi abin da zai hango. Raƙumi a kan ruwa ba ya yaudarar kowa. Inda ƙarya take ta gaske shi ne inda aka sayar da zanen zuci da sunan tarihi. Shehu ya rasu a 1817, kyamara ba ta fito ba sai wajen 1839, saboda haka duk wani hoto da ake yawo da shi a waya ana cewa ga Shehu Usmanu, ƙage ne, kuma yanzu da manhajojin kwamfuta ke fitar da fuska cikin daƙiƙa abin ya ƙara muni. Nan iyaka take, kuma ya kamata mai koyo ya ji ta tun ranar farko. Ba a zana Allah, tsarki ya tabbata gare Shi. Ba a zana annabawa da mala'iku. Sahabbai da waliyyai ma a bar fuskokinsu, domin nan ne ƙarya da girmamawa suke haɗuwa, wato ainihin hanyar da mutanen Nuhu suka bi. Tsiraici da izgili da mutane kuma haramcinsu bai jira hukuncin hoto ba.

Girman kai shi ne ƙorafin da na fi ɗauka da nauyi, domin shi ba a ganinsa a takarda. Mai zane yana iya bin duk ƙa'idar fiƙihu, bai zana ko ƙuda ba, amma zuciyarsa ta cika da jin cewa shi ne mai samarwa. Littattafan koyon zane da bidiyon intanet da ke zuwa daga Turai da Amurka suna ɗauke da wannan ruhi, inda ake ɗaukaka mai fasaha kamar wani mahalicci ƙarami wanda bai da abin da ya fi bayyana kansa. Wannan cuta ce, amma ba ta masu zane kaɗai ba ce. Tana kama mawaƙi, tana kama magini, tana kama malami a kan buzunsa, kuma ba a taɓa maganinta da rufe makaranta ba. Ga mai koyo ma, aikin kansa yana karya ta kullum. Wanda ya kwana uku yana fama da tafin hannu guda, yatsu suna fito masa kamar rogo, sannan ya dubi hannun da ke riƙe da fensirin yana motsi da jini da jijiya, ya samu darasin tauhidi da wuya ya manta. Ƙalubalen halittar ƙwayar hatsi, mai zane na gaskiya ya fi kowa sanin ba zai iya ba.

Saura masu cewa ɓata lokaci ne a jihar da ke fama da talauci da yaran da ba sa makaranta. Amsar wannan gajeriya ce. Littafin firamare yana buƙatar mai zane, haka allon faɗakarwa kan rigakafi, haka taswirar gini da zanen atamfa da tambarin kanti, kuma duk wanda ke yin waɗannan da kyau ya fara ne da dawakin banza a bayan littafi. Ana koyar da zane a kwalejojin ilimi, ana ba da digiri a kansa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma sana'a ce da ake ci da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne sakamakon hanin da ba shi da bayani. Hani ba ya fitar da hoto daga Sakkwato. Hoto yana jikin kuɗin da ke aljihun mai hanin, yana katin zaɓensa, yana fastocin 'yan siyasa da suka rufe katangu daga Gawon Nama zuwa Runjin Sambo, yana wayar kowane yaro. Abin da hanin ke kashewa shi ne hoton da ɗan gari zai yi da kansa. Sai ya zama yaron da ke kwana kusa da Hubbaren Shehu, idan ya rufe ido zai ƙaga jarumi, jarumin katun ɗin Japan ne yake gani, idan gari zai ƙaga, dogayen benen fim ɗin Amurka ne, idan aljana ce, ta fim ɗin Indiya ce. Ba ya zana Dodo ko Ɓotorami, ba ya zana ayarin fatake yana sauka a zango, ko tashin hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a 1804 da raƙuma ɗauke da littattafai, ko fitar jama'a gabas bayan yaƙin Giginya da Turawa a 1903, al'amuran da ana iya zana su daga nesa, cikin ƙura, ba tare da an ƙaga wa kowa fuska ba. Yana aro ne domin ba wanda ya ce masa nasa abin zanawa ne. Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda aka haifa a Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo ne. Ya yi karatun zane a Landan, ya dawo gida ya ga mutanensa ba sa ganin kansu a cikin abin da ya koyo, sai ya koma ga harafin Larabci da adon allo da ya tashi a ciki, ya fitar da siffofi daga cikinsu. A 2013 gidan adana zane na Tate Modern a Landan ya yi baje kolin aikin rayuwarsa. A Zariya ma, ɗaliban da suka kafa ƙungiyar zane a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, abin da suka tsaya a kai shi ne kowa ya koma ga adon gidansu ya haɗa da dabarar da ya koya a aji. A ƙasar Hausa suka yi wannan kira, amma Hausawa ba su cika amsa shi ba, kuma tsoron da ba a warware ba yana cikin dalilan.

Saboda haka idan uba ko malamin Islamiyya ya tsinci littafin zanen yaro, akwai tambayoyin da suka fi tsawa amfani. Wa ka zana, kuma kana so a ɗauka shi ne da gaske? Ina za a ajiye wannan, a jaka ko a bangon da ake fuskanta ana salla? Ka san malamanmu sun bambanta tsakanin mai rai da marar rai, da tsakanin mai inuwa da shimfiɗaɗɗe? In gidan masu bin magana mai tsanani ne, a gaya masa haka a fili, a ce mu a nan ba ma zana mai rai, sannan a saya masa fentin ruwa da kwali, a kai shi wurin mai zayyana ya ga yadda ake dama tawada da ƙaro, a kai shi wurin dukawa ya ga yadda ake fitar da ado a fata, a bar shi ya gina garuruwansa na sama da kogunansa. In masu bin Dardir ne, a bar masa dokinsa, a koya masa iyakokin da ba a ƙetarewa. A makarantun boko kuma, malamin zane da malamin addini suna koyar da yaro guda a rana guda, ɗaya yana ba shi maki a kan abin da ɗayan ke ce masa zunubi ne, kuma ba kasafai su biyun ke zama su buɗe babin walima na Muhtasar tare ba. Wannan zama ba ya buƙatar kasafin kuɗi ko izinin ma'aikata, littafin yana nan a kusan kowace unguwa daga Kanwuri zuwa Arkilla, kuma akwai masu iya karanta shi.